Bakin Aro a Durham

Kwana tara ke nan a Durham,
yayyafi na bin tagar zauren kamar baƙon da ya rasa ƙofa.
Ni ina cikin akwatin gilashi, na'ura a kunne,
bakina ba nawa ba ne, na ba da shi haya tun ran Litinin.

Jakada Rabenoro na ƙasar tsibiri ya yi Faransanci,
in kai wa Uwargida Kambewa ta ƙasar gaɓa da Turanci,
kamar mai kai miya a tafin hannu:
duk sanɗar da na yi, sai wani abu ya ɗige a hanya.

Kifi ne tushen maganar.
Kifin da bai san tuta ba, bai taɓa ganin taswira ba.
An kama jirage, an tsare masunta goma sha uku,
yau ga iyayen gidansu da alƙalami na neman wanda zai riƙa raba su
in gobe rai ya sake ɓaci.

Sashe na bakwai ya tsaya mana a wuya.
Ita ta ce: "Dole a je gaban masu sasanci."
Shi ya ce: "Ana iya zuwa."
Tsakanin dole da ana iya
shayi ya huce sau arba'in.
Sai ya ƙara da cewa: "Ban da abin da ya taɓa martabar ƙasa."
Ta cire tabarau ta goge da bakin gyale.
"Ranka ya daɗe, martaba ai buhu ce marar gindi,
har ƙayar kifi za ka iya jefawa ciki."
Na fassara, amma na rage mata barkono.
Allah ya yafe mini, ban yi nadama ba.

Na tuna kakana Nomau a Tasawa,
yadda yake tsayar da masu rigimar iyaka a tsakar rana,
ba inuwa, ba buta,
har sai ƙishi ya tuna musu rijiyarsu ɗaya ce,
sannan ya ce a dasa gamba a tsakani.
Nan kuwa kujeru masu laushi sun yi wa gardama gata.

Daren Laraba, ƙarfe uku, ƙararrawar gobara ta ɓarke a masauki.
Wani ne ya ƙona burodi.
Muka fito farfajiya ba kwat, ba laƙabi,
Jakada da silifa wari da wari,
Uwargida rungume da takardunta kamar jinjiri.
Lemarsa ɗaya ce. Ya matsa. Ta shiga.
Na taho in yi aikina, ya ɗaga mini hannu.
Ashe yana jin Turanci, tsohon nan!
Kwana tara yana sa ni zufa
don ya samu lokacin auna amsa.

Ban ji abin da suka ce ba.
Na dai ga ta nuna masa hoto a waya,
na ga ya daɗe yana kallo.

Da safe dole ta zauna daram,
martaba ta koma gabatarwa, inda ba ta cizon kowa.
Kowace ƙasa ta zaɓi alƙali ɗaya,
biyun su nemo na uku.
Aka sa hannu, aka yi tafin da bai kai ya tashi tantabara ba.

Saura majalisu a gida, masu wuƙa a aljihu,
wataƙila su yanka, wataƙila su bari.
Na sauka bakin kogin da ya yi wa garin ɗamara,
na karɓi bakina,
na kira gida, na ce da Inna: "Lafiya lau,"
ba wanda ya nemi in juya masa.